GYARA KO ALGUS? Miƙe Karkacewar Hoto a Ƙa'idojin Gasa, da Misali daga Soron Ɗinki



1.0 GABATARWA

Hausawa kan ce gani ya kori ji, shi ya sa ko a fada ko a gaban alƙali maganar ganau ta fi ta jiyau nauyi. To, tun da kyamara ta shigo ƙasar nan sai hoto ya hau kujerar ganau: da shi jarida ke kafa hujja, da shi ma'aikaci ke nuna wa na gaba da shi cewa an yi kwalbati ko an rufe ajin makaranta, da shi kuma masu tarihi ke nuna siffar ginin da ya riga ya rushe. Saboda wannan amana da aka ɗora wa hoto ne masu shirya gasar ɗaukar hoto suke shimfiɗa ƙa'idoji game da irin gyaran da aka yarda a yi masa bayan an ɗauka.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba tambaya guda ɗaya daga cikin waɗannan ƙa'idoji. Idan idon kyamara, watau jerin gilasan nan da haske ke ratsawa, ya lanƙwasa abin da yake miƙaƙƙe, ko ya karkatar da abin da yake tsaye, shin mai hoto yana da izinin miƙe shi a kwamfuta kafin ya miƙa wa alƙalan gasa, ko kuwa yin haka algus ne? Za a bi tambayar ta fuskar ilmin haske, da ta tarihi, da ta ƙa'idojin manyan gasa na duniya, sa'an nan a kawo ta gida, a gwada ta a lungunan Soron Ɗinki cikin birnin Kano, inda za a ga amsar da ta wadatar a Turai tana bukatar ƙarin sharaɗi.

2.0 HOTO A MATSAYIN SHAIDA

Kafin kyamara, siffar Kano ta isa wajen baƙi ne ta hanyar zane. Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano cikin 1851, ya yi zane-zane da hannunsa, har da yadda birnin yake in an hango shi daga kan Dala. Amma hotunan da suka fito cikin littafinsa na 1857 zuwa 1858 wani mai zane ne a Jamus, J. M. Bernatz, ya ƙawata su daga zayyanar Barth, alhali kuwa shi bai taɓa taka Kano ba. Duk mai duban waɗannan hotuna ya san cewa hannun mutum biyu ya bi ta kansu, don haka ba ya ɗaukarsu a matsayin awo. Hoton kyamara kuwa wani matsayi aka ba shi daban, domin ana ganin haske ne ya rubuta shi da kansa.

Wannan matsayi yana ƙara nauyi ne in abin da aka ɗauka ya gushe. Tsohon masallacin Juma'a na Kano na ƙasa ne, kuma an maye gurbinsa da na yanzu a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. Wanda yake son sanin siffar tsohon sai dai ya nemi tsofaffin hotuna. Ƙofar Na'isa ma an rushe ta cikin 2010 don faɗaɗa hanya, aka sake gina wata. Ganuwa, wadda tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) ya fara, Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa, an sa ta cikin jerin share fage na Hukumar UNESCO cikin 2007, amma duk mai wucewa ta gefenta ya san yadda ruwa da masu ɗibar ƙasa da masu gini suka cinye ta. Ke nan hoton da saurayi ya ɗauka don neman kyauta a gasa irin su Wiki Loves Monuments, wadda aka fara a Holan cikin 2010, ko Wiki Loves Africa, wadda aka fara cikin 2014, yana iya zama shi kaɗai ne shaidar da za ta rage wa jikoki.

3.0 IRE-IREN KARKACEWA

Yawancin gardamar da ake yi a kan wannan batu ta samo asali ne daga haɗa abubuwa uku daban-daban a kira su da suna ɗaya. Wajibi ne a rarrabe su.

3.1 Aibin idon kyamara

Tun ƙarni na 11 Ibn al-Haisam, wanda ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira, ya bayyana yadda haske ke tafiya a miƙe, ya shiga ta ƙaramar huda cikin ɗaki mai duhu, ya zana siffar abin da ke waje a juye. Huda kaɗai ba ta lanƙwasa layi; abin da yake miƙe a waje, a miƙe zai fito a bango. Illarta ita ce ƙarancin haske, shi ya sa aka sa gilashi a gurbinta. Gilashi kuwa ya zo da nasa aibobi, waɗanda masanin lissafi Ludwig von Seidel ya tsara su guda 5 a tsakiyar shekarun 1850, kuma karkacewa tana cikinsu.

Dalilinta shi ne girman da ido ke ba abu a tsakiyar hoto ba daidai yake da wanda yake ba shi a gefe ba. Idan girman yana raguwa zuwa gefe, sai layukan gefe su bunƙaso waje kamar cikin ganga. Wannan shi za a kira kumburin ganga, kuma ya fi yawa a idanu masu ɗaukar fili mai faɗi. Idan kuwa girman yana ƙaruwa zuwa gefe, sai layukan su lotsa ciki kamar ƙugun kalangu. Wannan shi ne tsukewar kalangu, an fi samunta a idanu masu janyo nesa. Akwai kuma na uku da ya haɗa biyun, layi ya yi tudu a tsakiya ya sake ɗagawa a ƙarshe kamar gashin baki. Abin lura a nan shi ne, wannan lanƙwasa babu ita a jikin abin da aka ɗauka, babu ita kuma a idon mutumin da ya tsaya a wurin. Gilashi ne ya ƙaƙaba ta.

3.2 Haɗuwar layukan tsaye

Wanda ya tsaya gindin bene ya ɗaga kyamara sama zai ga gefunan ginin suna matsowa juna a hoto, kamar ginin zai kwanta da baya. Wannan ba aibin gilashi ba ne, ko da huda aka ɗauka haka zai fito. Dalili shi ne allon da ke karɓar haske a cikin kyamara ya daina fuskantar bangon sosai da sosai, ya karkata. Idon mutum ma haka yake gani, sai dai ƙwaƙwalwa ta saba, ta san bango a tsaye yake, tana daidaita masa ba tare da ya sani ba. A kan takarda ne abin yake fitowa fili.

3.3 Miƙewar gefe

Idan ido mai faɗi ƙwarai ya zuba fili mai yawa a kan allo shimfiɗaɗɗe, dole abubuwan da ke kusurwa su ja. Ƙwarya mai da'ira sai ta koma kamar ƙwai, kan mutum da rawaninsa su yi faɗi. Wannan matsala 'yar'uwar ta masu zana taswira ce, waɗanda ba su da hanyar shimfiɗa dunƙulalliyar duniya a takarda ba tare da wani yanki ya ja ba. Abin mamaki, gyara kumburin ganga yakan ƙara wannan miƙewa ne, domin ture gefe waje ake yi kafin layi ya miƙe.

4.0 GYARAN YA GIRMI KWAMFUTA

Masu cewa duk gyara bidi'ar zamanin kwamfuta ce ba su waiwayi tarihin sana'ar ba. An bayyana hanyar Daguerre ta ɗaukar hoto a Faransa cikin 1839. Cikin 1866 J. H. Dallmeyer a Landan da Steinheil a Jamus kowannensu ya fito da ido mai gilasai kishiyoyin juna, na gaba yana kawo lanƙwasa, na baya yana warware ta, don layi ya fito a miƙe. Watau ana gyaran karkacewa da gilashi tun shekara 124 kafin manhajar Photoshop ta fito kasuwa cikin 1990.

Haka nan haɗuwar layukan tsaye. Tsofaffin manyan kyamarori masu zugazugi, irin waɗanda mai hoto ke lulluɓa da baƙin ƙyalle, an yi su ne yadda za a iya ɗaga idon sama a bar allon a tsaye, sai saman gini ya shigo ba tare da an karkata kyamara ba. Kamfanin Nikon ya kawo wannan dabara ga ƙananan kyamarori a farkon shekarun 1960, Canon kuma ya fito da nasa cikin 1973. Wanda ba shi da irin wannan ido, in ya shiga ɗakin wanke hoto sai ya tokare gefe ɗaya na allon da takarda ke kai, ya karkata shi har layukan su daidaita. Ba a taɓa kiran wannan ha'inci ba.

Masu awon gini ma sun daɗe da sanin cewa hoton da ba a cire masa aibin gilashi ba, ba ya aunuwa. Albrecht Meydenbauer ya kafa cibiyar auna gine-gine ta hanyar hoto a Balin cikin 1885, kuma hotunan da ta tara sun taimaka wajen sake gina wasu gine-ginen da Yaƙin Duniya na Biyu ya rusa. Cikin 1966 Duane Brown na Amurka ya buga lissafin da masu wannan fanni suka dogara da shi wajen auna karkacewar ido da warware ta. A wurin waɗannan mutane, gyararren hoto shi ne ya fi kusa da gaskiya.

Daɗin daɗawa, yawancin masu hoto na wannan zamani suna gyaran ne ba su ma sani ba. Tun daga 2008, lokacin da kamfanonin Olympus da Panasonic suka fito da wani sabon tsari na ƙananan kyamarori, aka fara ƙera idanu da gangan a bar musu kumburi, a rubuta awonsa cikin kyamara ta gyara da kanta, domin ido ya yi sauƙin nauyi da kuɗi. Cikin 2010 kamfanin Adobe ya sa awon idanu iri-iri cikin manhajojinsa. Wayoyin hannu masu ido mai faɗi kuwa, kafin mai waya ya ga hoton an riga an miƙe shi. Gasar da ta ce ta haramta wannan gyara ɗungurungum, to ta kori mafi yawan masu shiga ke nan, kuma ta fifita mai kuɗin sayen ido mai tsada a kan mai waya, alhali sakamakon aikinsu ɗaya ne.

5.0 ABIN DA ƘA'IDOJI SUKA CE

Gasa iri biyu ce. Akwai ta fasaha zalla, inda mai hoto yake da 'yancin haɗawa da ragewa yadda ya ga dama, kamar mai zane. Akwai kuma wadda ake neman hoto ya zama shaida: ta aikin jarida, ta namun daji da tsirrai, ta tafiye-tafiye, da ta kayan tarihi. A wannan kashi na biyu ne tambayar take da nauyi.

Ƙungiyar masu hoto ta Amurka da ake taƙaita sunanta PSA, wadda aka kafa cikin 1934, ta fito fili a ƙa'idojin da ta yi aiki da su a farkon shekarun 2020. Ta halatta datse gefe, da daidaita hoton da ya karkace, da gyara haɗuwar layuka, da kuma cire duk abin da kyamara ko idonta suka ƙara, kamar ɗigon ƙura, da rabewar launi a bakin abubuwa, da karkacewar ido. Ta haramta cirewa ko ƙarawa ko gusar da wani abu na cikin hoton. Hujjarta a fili take: abin da na'ura ta ƙaƙaba ana iya cire shi, abin da Allah ya ajiye a wurin ba a taɓa shi.

Gasar World Press Photo, wadda aka kafa a Amsterdam cikin 1955, ta fi tsanani. Ƙa'idojin da ta tsaurara bayan 2015 sun hana ƙarawa, da sauya wa abu wuri, da juyawa, da jirkita siffa, da cire mutum ko wani abu, sun kuma wajabta wa wanda ya kai zagayen ƙarshe ya kawo ɗanyen hoto, watau yadda kyamara ta rubuta shi, don a gwada. Kalmar jirkita siffa ita ce ke sa masu hoto ɗar-ɗar, domin miƙe layi ma motsa ɗigogin hoto ne. Saboda haka mai shiga irin wannan gasa ba ya dogara da ƙiyasi, sai ya karanta ƙa'idar shekarar, in bai gamsu ba ya tambaya a rubuce.

Yana da kyau a dubi irin laifuffukan da suka jawo wannan tsanani. Cikin 2003 jaridar Los Angeles Times ta sallami Brian Walski saboda ya haɗa hotuna biyu na wani sojan Ingila da fararen hula a Iraƙi ya mai da su ɗaya. Cikin 2010 World Press Photo ta ƙwace kyautar Stepan Rudik saboda ya goge ƙafar wani mutum da ta leƙo a bayan abin da ya ɗauka. A watan Janairu 2014 kamfanin dillancin labarai na AP ya raba gari da Narciso Contreras don ya goge kyamarar abokin aikinsa daga kusurwar wani hoto na yaƙin Siriya. Cikin 2015 kuwa kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagaye na kusa da ƙarshe a World Press Photo aka fitar saboda gyaran da ya wuce iyaka. A cikin mutanen nan uku da aka ambata da suna babu wanda aka kama da laifin miƙe layin da gilashi ya lanƙwasa. Ƙari ne ko ragi.

Misalin da ya fi haska iyakar shi ne na mujallar National Geographic ta watan Fabrairu 1982, wadda ta matso da dalar Masar biyu kusa da juna don hoton kwance ya shiga bangon mujalla na tsaye. An kare aikin da cewa tamkar mai hoton ne ya gusa gefe kaɗan. To, a nan gizo ke saƙar, domin bai gusa ba. Daga nan ake samun ma'auni mai sauƙi: gyaran ido na gaskiya ba ya sauya inda mai hoto ya tsaya. Abin da ke gaban wani yana nan a gabansa, abin da ya ɓoye yana nan a ɓoye, tazarar da ke tsakanin abubuwa ta bi lissafi ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa. Ilmin lissafi ya tabbatar da cewa hoton da aka ɗauka a karkace, in an miƙe shi bisa ƙa'ida, daidai yake da wanda za a samu daga wannan matsayi da kyamarar da aka ɗaga wa ido.

6.0 A LUNGUNAN SORON ƊINKI

Soron Ɗinki unguwa ce a cikin ganuwa, ba nisa da Gidan Rumfa, kuma sunanta kansa yana nuni ga sana'ar allura da zare. Masu wannan sana'a sun san bambancin da ake magana a kai. In an gama babbar riga aka kai ta wurin masu bugu, sukan buge ta har tamoji ya kwanta, aska takwas ta fito sarai. Ba wanda zai ce an yi wa mai saye algus. Amma in aka ɓoye ɓarakar da ke jiki da shuni, ko aka ce aikin hannu ne alhali na keke ne, an ci amana. Gyaran kumburin ganga bugu ne.

A ƙaddara wani ɗalibi ya shiga lungu mai faɗin mita 3, yana son ɗaukar fuskar wani tsohon soro mai tsawon mita 6 tun daga dakali har zankaye, kyamara tana daidai idonsa, mita 1.5 daga ƙasa. In ya jingina da bangon da ke bayansa, saman ginin yana sama da shi da digiri 56, gindin kuma yana ƙasa da digiri 27, jimla digiri 83. Ido mai milimita 24 a kan kyamara mai cikakken allo, ko an tsai da ita, digiri 74 kawai yake ɗauka. Dole ke nan ya nemi ido mafi faɗi, dole kuma ya ɗaga kyamara da kamar digiri 15. Ga kumburi, ga haɗuwar layuka, ga miƙewar gefe, duk a hoto ɗaya. Ba gazawarsa ba ce, tsarin birnin ne. Ba shi da filin ja da baya.

Kumburin ba shi da wuya. Manhaja ba ta ma duban abin da ke cikin hoton. Awon idon ne take bi, wanda aka samu ta hanyar ɗaukar allo mai layukan dara a ɗakin gwaji. Ko soro ne a gaban kyamara ko raƙumi, lissafin ɗaya ne. Abin da kawai za a kula shi ne gyaran yana cinye ɗan gefe, don haka a bar sarari tun wajen ɗauka kada zanko ko indararo ya tafi.

Haɗuwar layuka ita ce mai tarko. Tun 2013 manhajar Lightroom ta zo da maɓallin da ke neman layuka cikin hoto ya tsai da su cak da kansa. Wannan dabara an gina ta a kan zaton cewa bango yana tashi ne kai tsaye, kusurwa kuma a daidaice take, kamar ginin bulo da siminti. Ginin Bahaushe na ƙasa kuwa ba haka yake ba. Magini yakan jera tubali da yawa a gindi, yana rage su yana hawa, saboda ƙasan ya ɗauki nauyin azara da rufi, don haka bango yakan yi kauri a ƙasa ya sirance a sama, fuskarsa ta ɗan kwanta ciki. Rahoton Turawan da suka ci Kano a watan Fabrairu 1903 ya ce kaurin ganuwa a gindi ya kai ƙafa 40, tsawonta kuwa ƙafa 30 zuwa 50, kuma sananne ne cewa tana sirancewa zuwa sama. Kusurwoyi a murje suke da hannu, yaɓen makuba da ake sabuntawa yana ƙara musu taushi, bakan gizo kuma lanƙwasarsa da gangan ce.

To, in ɗalibin nan ya danna maɓallin, manhaja ba za ta bambance kwanciyar da karkata kyamara ta jawo da wadda magini ya yi da niyya ba. Duka za ta miƙe. Soron zai fito kamar akwati, samansa ya buɗe, zankaye su baje, kuma in ba a kula da daidaiton tsawo da faɗi ba ginin ya ƙara tsawo ko ya durƙushe. Ba a ƙara kome ba, ba a cire kome ba, ƙila ma alƙalin gasa da ke Turai ya ga hoton ya yi kyau ya wuce da shi. Amma an shafe ilmin magini daga hoton, kuma wanda zai nazarci ginin bayan shekara 50, lokacin da bulo ya maye gurbinsa, zai auna ƙarya. Garin neman gira an rasa ido.

Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Folan wanda ya shafe shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya, wanda kuma aikinsa ya haifar da gidan adana gine-ginen gargajiya na Jos, bai tsaya ga hoto kaɗai ba. Shi da mataimakansa sun bi gine-gine da ma'auni suna zanawa, har da Masallacin Juma'a na Zariya na Babban Gwani. Darasin shi ne, a ginin ƙasa ba a ɗaukar tsayuwar bango a matsayin ma'auni. Daga waje ake kawo ma'aunin.

Sauran magana ita ce ta mutane. Wannan yanki na kusa da fada yakan cika ranakun hawan Salla, al'adar da UNESCO ta sa cikin jerin gadon ɗan'adam a watan Disamba 2024. Mahayin da ya faɗo a kusurwar hoto mai faɗi zai fito da faffaɗan kai. Cikin 2019 masu bincike na kamfanin Google sun bayyana wata dabara da ke gano fuska ta gyara ta ita kaɗai, ta bar sauran hoton. Niyyar mai kyau ce, amma wannan gyara ne mai zaɓe, ba lissafi ɗaya yake bi ba, kuma tsakaninsa da rage wa mutum ƙiba ko ƙara wa doki wuya taki ɗaya ne. A gasar shaida, barinsa ya fi.

7.0 SHAWARWARI

Ga mai shiga gasa: ya karanta ƙa'ida tun kafin ya fita ɗauka, domin kowace gasa da tata, kuma sukan sauya. Ya adana ɗanyen hoto da waɗanda ya ɗauka kafinsa da bayansa. Ya daidaita kyamara da ma'aunin da ke cikinta, ko ya hau dakali ko bene don rage ɗagawa. In aikin na adana tarihi ne, ya rataya igiya mai dutse a gefe, ita ce za ta nuna tsayuwa ta gaskiya. Turken lantarki ba abin dogara ba ne, sau da yawa shi ma a karkace yake. In ya yi gyara, ya faɗa cikin bayanin hoto. Ya kuma nemi izinin masu gida, domin zaure iyaka ce.

Ga masu shirya gasa a nan gida, ko jami'a ce, ko ma'aikatar al'adu, ko ƙungiyar matasa: kada a kwafo ƙa'idar waje a liƙa. A rubuta ta da Hausa, a rarrabe gyaran aibin ido da gyaran haɗuwar layuka da gyara mai zaɓe, a faɗi hukuncin kowanne. In kayan tarihi ake gasa a kai, a sa magini ko masanin ginin gargajiya cikin alƙalai, domin shi ne zai dubi hoto ya ce wannan bango ba haka aka tashe shi ba.

Ga ma'aikatan hukuma masu karɓar hoto a matsayin shaidar aiki ko na adanawa a gidan tarihi: a riƙa neman asali tare da gyararre, a rubuta rana da wuri da irin kyamara. Bukatar haka ta ƙaru tun da ƙirƙirarriyar basira ta fara haɗa hoton abin da bai taɓa faruwa ba, kamar yadda Boris Eldagsen ya nuna cikin 2023, lokacin da ya ci wani rukuni na gasar Sony da irin wannan hoto sa'an nan ya ƙi karɓar kyautar.

8.0 KAMMALAWA

Amsar tambayar da aka fara da ita ke nan ta kasu uku. Cire lanƙwasar da gilashi ya ƙaƙaba halal ne a hankalce, tarihi ya goyi bayansa, wasu manyan ƙungiyoyi sun rubuta halaccinsa ƙarara, sau da yawa ma kyamara ta riga ta yi shi. Miƙe layukan tsaye ya halatta inda ƙa'ida ta yarda, bisa sharaɗin a tsaya daidai gwargwadon karkatar kyamara, kada a wuce zuwa jikin ginin. Gyaran da ke zaɓen wani abu ya sauya masa siffa shi kaɗai kuwa ba shi da wuri a hoton da aka gabatar a matsayin shaida. Inda ƙa'ida ta yi shiru, a tambaya, a kuma bayyana abin da aka yi. Sorayen ƙasa da suka rage a Soron Ɗinki da sauran unguwannin cikin birni suna raguwa kowace damina, kuma haƙƙin maginansu ne a ɗauke su yadda suka gina su.